Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Ilimi Mai Zurfi: Guzurin Masu Zuwa Taron Falsafar Kimiyya

Mai girma Minista,

Ina rubuto maka daga Dakoro a kan wata magana wadda a ido ba ta taka kara ta karya ba: yadda malamin jami'a ko ɗalibin dokta ɗan Nijar zai samu fasfo da biza da kuɗin rajista da tikitin jirgi a kan kari, domin ya halarci taron masana falsafar kimiyya. Na san akwai abin da ya fi wannan zafi a kan teburinka, daga alawus ɗin ɗalibai har ɗakunan gwaje-gwaje. Amma, ranka ya daɗe, a irin waɗannan tarurruka ne ake tafka muhawara kan abin da ya cancanci a kira shi hujja ta kimiyya, kuma ra'ayin da ya yi rinjaye can yakan bi ta mujallu da sharuɗɗan masu ba da tallafi, ya sauko har gonakin gero da rugagen makiyaya da ɗakin awon yara na ƙasar Dakoro. Duk wanda ya rasa kujera a wurin don takarda ta makara, an yi masa aski ne ba ya nan.

Babban taron duniya na masana mantiƙi da hanyoyin bincike da falsafar kimiyya ya soma a jami'ar Stanford ta Amurka a 1960, yanzu kuma duk shekara huɗu ake yin sa. Ya sauka a Mosko a 1987, a Beijin a 2007, a Nansi ta Faransa a 2011, a Helsinki a 2015, sai karo na 17 a babban birnin Ajantina a 2023. Ko sau ɗaya bai taɓa sauka a Afirka ba, na gaba kuma an tsara shi a birnin Kobe na Japan a 2027. Tambayoyin da ake kwana a kansu a zaurukan taron ba baƙi ba ne a wurinmu. Yaushe za a ce wani abu shi ya haddasa wani? Gwaji nawa ke isa a yarda da magani? In lissafin kwamfuta ya saɓa da abin da manomi ya gani da idonsa, wa za a bi? Sakamakon da aka samu a wata ƙasa, da wane dalili za a ɗora shi a kan wata? Ƙasar Dakoro, wadda iyakar noma ta arewa da dokar 1961 ta shata ke ratsa ta, ta ɗanɗana kuɗar amsoshin da aka bayar ba tare da ita ba.

Dubi tarihin zancen hamada. A 1935 wani Baturen daji mai suna Stebbing ya shelanta cewa Sahara tana gangarowa kudu za ta cinye ƙasar Hausa, ya ɗora alhakin a kan sassabe da kiwo. Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti ya zagaya yankin iyakar Nijar da Najeriya a 1936 da 1937, ya dawo bai ga hamadar da ke tafiya ba. Duk da haka zancen bai mutu ba. Lokacin da fari ya auka wa Sahel a farkon shekarun 1970, shahararren masanin yanayi Jule Charney ya fito a 1975 da bayani mai kyan tsari: dabbobi sun cinye ciyawa, ƙasa ta zama fetal mai haske tana mayar da hasken rana sama, iska ta daina tashi ta haɗa hadari, sai ruwa ya ɗauke. Lissafin ya zauna a takarda, ya kuma dace da abin da aka daɗe da yin imani da shi, saboda haka makiyayi ya zama mai laifi a rahoto bayan rahoto. Sai a 1986 Folland da abokan aikinsa a Ingila suka nuna alaƙar damunar Sahel da ɗumin ruwan tekuna. A 2003 kuma Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna cewa sauyin ɗumin teku kaɗai, in aka saka shi cikin lissafi, yana fito da babban kaso na farin da aka sha. Tsiraicin ƙasa yana ƙara wa fari tsanani, wannan ba musu, amma tushen abin yana can cikin teku, nisan dubban kilomita daga shanun kwarin Tarka na nan ƙasar Dakoro. Tsakanin Charney da Giannini shekara 28 ne, kuma sai a 2010 dokar kiwo ta ƙasarmu ta bayyana yawon makiyayi da dabbobinsa a matsayin haƙƙi. Abin da ya yi ƙaranci a waɗannan shekaru shi ne masu tsayawa su tambaya: da wace hujja aka tsallaka daga "zai iya yiwuwa" zuwa "shi ne ya faru"? Wannan tambaya kuwa ita ce sana'ar masanin falsafar kimiyya, kuma ta fi kaifi a bakin wanda ya san cewa Fulani da Abzinawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna kiwo a wannan ƙasa, ta ga damuna mai kyau ta ga maras kyau.

Haka abin ya kasance da itatuwa. A watan Mayu na 1984, cikin farin da ya haifar da yunwar da mutanen nan ke kira El-Buhari, aka yi babbar muhawarar ƙasa kan yaƙi da hamada a birnin Maraɗi. Ilimin da ke tashe a lokacin shi ne a reni irin bedi da itacen turare a leda, a dasa, a yi ta ban ruwa, da yawansu kuma ba su kai damuna ta biyu ba. Alhali a ƙarƙashin gonakin akwai kututturan sabara da kalgo da gawo masu rai, suna tohowa kowace shekara ana sare su. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki a Maraɗi, ya lura da haka a 1983, manoma suka karɓi dabarar barin ƴan rassa ana yi musu aski, suka gyara ta da saninsu, suka kira ta sassaben zamani. Bayan shekara 20 da ɗoriya hotunan tauraron ɗan'adam suka sa masu bincike ƙiyasta cewa wajen hekta miliyan 5 sun farfaɗo a jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa kimanin miliyan 200. Ta yaya abu mai wannan girma ya ɓuya wa kimiyya tsawon lokaci haka? Domin ma'aunin da ke hannu yana ƙirga abin da aka dasa ne da abin da ke cikin gandun gwamnati, itacen da ya toho da kansa a gonar talaka ba shi da gurbi a littafin. Wanda ya zaɓi ma'auni ya riga ya zaɓi abin da za a gani.

A fannin lafiya ma tambayar tana nan. Gwajin rigakafin gudawar yara da aka yi a yankin Madarumfa a kan jarirai wajen 3,500, wanda aka wallafa a 2017, ya nuna kariya ta kusan kashi 67 cikin 100 daga gudawa mai tsanani, alhali irin wannan rigakafi kan wuce kashi 80 a ƙasashe masu arziki. Sakamakon alheri ne, kuma darasi ne: abin da ya yi aiki can ba lalle ya yi daidai haka nan ba. Nancy Cartwright, ɗaya daga cikin manyan masana falsafar kimiyya na zamaninmu, ta haɗa hannu da Jeremy Hardie sun rubuta littafi guda a 2012 a kan wannan tsallake daga "can" zuwa "nan". Mu ne "nan" ɗin da ake magana a kai. Marigayi Paulin Hountondji na Benin, wanda ya rasu a 2024, ya shafe rayuwarsa yana nuna cewa rabon aikin da mulkin mallaka ya bari bai canza ba: Afirka ta tattara bayanai, a kwashe su zuwa waje a sarrafa su su zama nazariyya, a dawo mana da su a matsayin gaskiyar da ba a taɓawa. Mutumin Maraɗi ba ya buƙatar dogon sharhi a nan, don ya san zamanin da ake lodin gyaɗa ɗanya zuwa teku, riba mai tsoka ta tsaya a inda ake matse ta.

To, ga hanyar da malaminmu zai bi kafin ya kai wannan zaure. A ɗauka malami ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, yana bincikensa a ƙauyukan Dakoro da Kornaka. Masu shirya taro kan rufe karɓar taƙaitaccen bayanin maƙala watanni da dama kafin ranar buɗewa. In an karɓi tasa, sai kuɗin rajista, wanda galibi yana da rahusa ga mai biya da wuri, yana tashi ga wanda ya makara, kuma da katin banki ake biya ta intanet, ba ta Nita ko Amana da muka saba aika kuɗi da su ba. Rangwamen da wasu tarurruka ke yi wa ɗalibai da mutanen ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi shi ma yana da ranar rufewa. Daga Dakoro zuwa Maraɗi wajen kilomita 120 ne, daga Maraɗi zuwa Yamai fiye da 600, kuma kusan kowace takarda mai muhimmanci a Yamai take. In taron a Turai yake, bizar Shengen tana neman shaidar tikiti da ta masauki da ta abin da ke asusun banki, da inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin Yuro 30,000. Kuɗin bizar kansa Yuro 90 ne tun watan Yuni na 2024, wato kusan jaka 59, ya zarce mafi ƙarancin albashin wata a ƙasarmu, wanda yake jaka 42, kuma ba a mayar da shi in an hana. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, jiragen Air France sun daina zuwa tun Agustan 2023. Kowane mataki yana jiran wanda ya gabace shi: ba biza sai da takardar gayyata da shaidar kuɗi, ba shaidar kuɗi sai hukuma ta sa hannu. Mako biyu na jinkiri a ofis ɗaya ya isa ya rushe aikin shekara.

Saboda haka roƙona shi ne a ware wani kaso tsayayye daga kuɗin bincike na ma'aikatarka domin wannan tafiya, kuma a biya kafin a tashi. Duk tsarin da ya ce wa malami ya je da kuɗinsa a biya shi in ya dawo, ya zaɓi mai hali ne ya bar mai ilimi, ya kuma rufe ƙofa gaba ɗaya ga ɗalibi da ƙaramin malami da malama mai ɗawainiyar gida. Takardar karɓar maƙala daga masu taro ita ya kamata ta zama mabuɗin asusun, a kuma sanar da ranakun nema tun farkon shekarar karatu a dukkan jami'o'i, har na jihohi, yadda na Maraɗi da Tawa da Damagaram za su ji a rana ɗaya da na Yamai. A sa jami'i guda wanda aikinsa ke nan: ya biya rajista da katin ma'aikata, ya nemi takardar goyon baya daga Ma'aikatar Harkokin Waje, ya bi sawun biza, ya tuna wa matafiyi katin allurar shawara. Zan ƙara abu ɗaya da na fi ba muhimmanci: a riƙa tura su biyu-biyu, masanin falsafa daga Jami'ar Abdou Moumouni tare da masanin noma ko likita daga Maraɗi. Na farko ya san yadda ake warware hujja, na biyu ya san gona da asibiti. Kowannensu shi kaɗai rabin magana zai kai.

Za a ce ƙasar da ke fama da matsalar tsaro da tamowa ba ta da rarar kuɗin tura mutane muhawara. Ban raina wannan magana ba, domin Dakoro na cikin garuruwan da aka buɗe cibiyar jinyar yara masu tamowa a yunwar 2005, kuma babu mai hankalin da zai fifita tikitin jirgi a kan abincin yaro. Sai dai lissafin ba haka yake ba. Tafiyar mutum uku ko huɗu a shekara ba ta kai kuɗin mota ɗaya daga cikin motocin da ayyukan raya karkara ke yawo da su ba. A ɗaya gefen kuma sai a auna abin da aka zuba a dashen da ya mutu, da shekarun da aka yi ana tsara manufa a kan zargin makiyayi. Talaka shi ya fi kowa buƙatar a tantance hujja kafin a kashe kuɗi, don ba shi da na gwaji na biyu.

Za a kuma ce falsafa surutu ce ta Turawa, injiniyoyi da likitoci muke buƙata. Muna buƙatarsu ƙwarai, amma tarihinmu bai yarda cewa auna hujja baƙon abu ba ne. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, ya kare ilimin mantiƙi a musayarsa da Imam Suyuɗi na Masar, har yau kuma ana karanta mantiƙi a zaurukan malamanmu. Ibn al-Haisam ya rubuta littafi sukutum a kan shakkunsa game da masanin taurari Batlamiyus, ya gina ilimin gani a kan gwaji. Muhawarar Gazali da Ibn Rushd a kan ko wuta ce ke ƙona auduga da kanta tana cikin tsofaffin tattaunawa a kan sababi, tambayar da har gobe ake yi a tarurrukan da nake magana. Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafin da ya rasu a Alƙahira a 1741, da ƙafarsa ya je ya zauna da malaman zamaninsa, suka ɗauki karatu a wurinsa. Bahaushe da ya ce sai an gwada akan san na ƙwarai, ya kuma ce gani ya kori ji, ya riga ya shiga wannan fage. Abin da ya rage masa kujera ce da guzuri.

Akwai masu cewa intanet ta wadatar, a zauna gida a bi taron ta kwamfuta. Inda hakan ya samu a yi, ya fi babu, kuma ya kamata asusun ya biya rajistarsa. Amma ƙarfe 9 na safe a Kobe ƙarfe 1 na dare ne a Maraɗi, ga wuta da layin sadarwa da ba su da tabbas. Sannan duk wanda ya san taron masana ya san maƙalar minti 20 ƙaramin ɓangare ce. A wajen shan shayi da cin abinci ake samun mai duba rubutun ɗalibi, a can editan mujalla ke cewa a aiko masa, a can ake ƙulla aikin haɗin gwiwa, a zaman wakilai kuma ake zaɓen garin da taro na gaba zai sauka. Fuskar da ke cikin akwatin allo ba ta cikin waɗannan.

Suka mafi nauyi a wannan zamani ita ce ta ƴancin kai: me ya kai mu zauren waɗanda ke rufe mana ƙofa? Amsar tana cikin rayuwar mutumin da babbar jami'armu ke ɗauke da sunansa. Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, ya yi karatun kimiyyar fiziya a Faransa, ya zurfafa a kan makamashin rana a Tarayyar Sobiyet, ya dawo ya jagoranci ofishin makamashin rana na ƙasa daga 1969, kuma shi ne ya rubuta littafin 1964 da ya soki makarantar mulkin mallaka ya nemi a koyar da yara da harsunansu. Fitarsa ba ta rage masa kishi ba, makami ta ba shi. Ƙauracewa zauren ba ta hana a yi magana a kanmu, tana dai hana mu mayar da martani. Kuma ba Turai da Japan kaɗai nake nufi ba. Asusun ya kamata ya fara da na kusa: Dakar, inda CODESRIA, ƙungiyar masu binciken zamantakewa ta Afirka, take tun 1973, da Kwatano, da Zariya, da Kano wadda ta fi Yamai kusa da Maraɗi nesa ba kusa ba. Zuwa Zariya da Kano tafiyar mota ce, harshe ɗaya, fari ɗaya, tambayoyi ɗaya.

Tsoron cewa wasu za su mayar da abin yawon buɗe ido da neman kuɗin guzuri tsoro ne mai tushe, maganinsa kuma shi ne sharaɗin da zai mayar da ribar gida. Duk wanda aka ɗauki nauyinsa ya gabatar da abin da ya kai da abin da ya jiyo cikin wata uku da dawowarsa, da Hausa, a gaban jama'a, wanda bai yi ba kada ya sake samu. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, harshe kuwa ba ya girma da doka kaɗai, sai an ɗora masa kaya masu nauyi ya ɗauka. Ranar da malami ya tsaya ya bambanta hasashe da hujja da sababi da Hausar da tsohuwa za ta gane, ranar ce za a san ko shi kansa ya fahimta. Sau ɗaya a shekara kuma a fitar da wannan zama daga harabar jami'a zuwa gari irin Dakoro, bayan an gama girbi, lokacin da makiyaya ke gangarowa kudu, a gayyaci manoma da ardo-ardo da malaman daji da ma'aikatan asibiti da malaman zaure, gidajen rediyon karkara su watsa. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Manomin da ya rayar da gawo a gonarsa yana da tambayar da zai yi wa mai tauraron ɗan'adam, makiyayin da ya san ciyawar kowane kwari yana da gyaran da zai yi wa taswira, daga irin wannan zama ne kuma maƙalar da babu mai iya rubuta ta sai ɗan Nijar za ta fito.

Game da Kobe, ranka ya daɗe, lokaci ya fi yadda ake zato ƙurewa. Ofishin jakadancin Japan da ke kula da Nijar yana Abijan ne, wato mai zuwa taron zai yi shirin takardunsa da wata ƙasa kafin ya fuskanci tafiyar kanta, kuma dole maƙalarsa ta riga shi isa da watanni. Kuɗin da ba a rubuta cikin kasafin da ya gabaci taron ba, ba zai fito a ranar da ake buƙatarsa ba. Ina roƙon ka sa a buɗe wannan layi a kasafi mai zuwa, a naɗa jami'in da zai riƙe shi, a aika wa shugabannin jami'o'i sanarwa tun ɗalibai da malamai suna da sararin zama su rubuta.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damuna mai albarka.

Wassalam,
Wani ɗan ƙasa,
Dakoro, jihar Maraɗi.